Haɗa Zare Iri-Iri a Saƙar Hannu

Mai sayen zane a kasuwa ba da ido kaɗai yake saye ba. Sai ya kai hannu ya shafa. Ya murza bakin zanen da yatsunsa, ya ji kaurinsa, ya ji ko yana da laushi ko kaushi, sa'an nan ya tambayi kuɗi. Wannan abin da hannu ke ji shi ake kira jikin zane. Yadin kanti jikinsa ɗaya ne tun daga farko har ƙarshe, domin inji ne ya saƙa shi. Amma mai saƙar hannu yana iya sa wani wuri ya yi tudu, wani wuri ya yi santsi, wani wurin kuma ya yi sheƙi. Hanyar yin haka ita ce haɗa zare iri-iri a cikin saƙa guda.

Wannan magana ta shafi mutanen yankin Watari ƙwarai. A ƙauyukan ƙasar Kano, saƙa aikin rani ce tun kaka da kakanni. Idan an kawar da amfanin gona, maza su zauna gindin masaƙa a inuwa, mata kuma su yi ta kaɗi a cikin gida. To, amma an gina madatsar ruwa ta Watari a ƙasar Bagwai tsakanin 1977 da 1980, noman rani ya samu. Wanda ke da fili a bakin ruwa yana da shinkafa da tumatir da albasa da zai kula da su. Ga kuma yadin waje ya cika Kantin Kwari, da araha. Saboda haka wanda zai zauna ya yi saƙa a yau, dole abin da zai fitar ya zama wanda ba a samun irinsa a kanti. In ba haka ba, wahala ce kawai, kuɗin zare ma ba za su fito ba.

Ba baƙon abu ba ne

Kada wani ya ɗauka haɗa zare sabuwar dabara ce da aka kawo daga waje. Masu saƙa na ƙasar Hausa sun daɗe suna yi. Ko a cikin auduga zalla, zare biyu ake haɗawa. Akwai siririn zare mai murɗi sosai, wanda ake yin wadari da shi, wato zaren tsaye. Akwai kuma abawa, mai kauri da taushi, wadda ake naɗawa a kwarkwaro a sa cikin ƙoshiya, wato zaren kwance. Siririn shi ke ba zane ƙarfi. Abawa ita ke ba shi jiki da ɗumi. Macen da ta iya kaɗi ta san bambancinsu tun daga yadda take murza mazari.

Bayan auduga sai tsamiya. Wannan zare ne da ake samu daga gidan wasu tsutsotsi na daji. Tsutsotsin sukan taru da yawa su saƙa gida ɗaya babba a jikin itace, kamar itacen tsamiya ko doka. Daga nan zaren ya samo sunansa. Ana ciro gidan, a dafa shi cikin ruwan toka har danƙon da ya riƙe shi ya narke. Sai a wanke, a shanya, a tsefe, a kaɗa shi da mazari kamar auduga. Aikin yana da wuya, kuma gashin tsutsar da ke cikin gidan yana sa ƙaiƙayi. Launin zaren ruwan ƙasa ne mai haske, ba ya bukatar rini. Yana da ɗan kaushi da ƙananan ƙulle-ƙulle, amma yana da ƙarƙo sosai. Da shi ake yi wa manyan riguna aiki, kuma akan haɗa shi da auduga a saƙa. Yarabawa suna kiran irin wannan zane sanyan, suna kuma girmama shi.

Na uku shi ne alharini. Shi kuwa a da daga nesa yake zuwa. Ragowar siliki ne na masaƙun ƙasashen Turai, ana rina shi ja mai ɗaukar ido, fatake su ɗauko shi a kan raƙuma daga Tarabulus, su biyo ta Gadamas su ratso hamada har Kano. Da ja-jan layukan alharini ake saƙa barage. Saƙi kuma, wanda ya yi kama da jikin zabo, baƙin zaren baba ne da fari ake jerawa ƙanana-ƙanana.

Wani Bature ɗan ƙasar Jamus mai suna Heinrich Barth, wanda aka fi sani da Abdulkarim, ya zo Kano a 1851. Ya ga yadda ake fitar da tufafin Kano zuwa Tambutu da Barno da sauran wurare masu nisa. Ya ƙiyasta cewa kayan saƙa da rini da ake sayarwa waje sun kai na wuri miliyan 300 a shekara. Yawancin wannan aiki a ƙauyuka ake yinsa, ba cikin birni ba. Bayan da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, fataucin hamada ya ja baya, alharini ya yi ta ƙaranci. Sai zaren kanti ya maye gurbinsa: farin zaren inji, da siliki mai sheƙi, daga baya kuma zaren ƙyalli mai launin zinariya ko azurfa, wanda ya yaɗu daga shekarun 1970. Garin Minjibir ya yi suna wajen saƙa, Kura kuma wajen rinin turkuɗi, kuma duk sun ga wannan canji.

Kowane zare da halinsa

Kafin a haɗa zare biyu, sai an san halin kowanne. Mai kanti zai iya cewa wannan siliki ne, wancan ulu ne, alhali shi ma bai san da me aka yi su ba. Abin da ake kira siliki a kasuwa yawanci ba na tsutsa ba ne, daga ɓargon itace ake yinsa a kamfani. Abin da ake kira ulu, wanda mata ke saƙa hular jarirai da shi, yawanci na roba ne. Tumakin ƙasar nan gashi gare su, ba su da ulu. Ulu na gaske sai irin na tumakin Fulanin Masina a ƙasar Mali, waɗanda ake saƙa barguna masu nauyi da gashinsu.

Ashana ɗaya ta isa ta raba gardama. A yanko ɗan guntun zare, a fita waje nesa da auduga da danni, a riƙe shi da tsinke a kunna masa wuta. Auduga tana ci da sauri, tana warin ƙonanniyar takarda, ta bar toka mai laushi. Silikin kanti shi ma haka yake ci, don asalinsa itace ne. Tsamiya da ulu na gaske ba sa son cin wuta. Suna warin ƙonannen gashi, su bar baƙin dunƙule wanda ke murmushewa idan an murza. Zaren roba kuwa narkewa yake yi, ya dunƙule ya yi tauri kamar dutsen ado. Wannan gwaji yana kuma tona asirin audugar da aka rina ruwan ƙasa ana sayar da ita da sunan tsamiya.

Me ya sa sanin wannan ya zama dole? Dalili na farko shi ne wanki. Audugar kaɗin hannu tana tsukewa a wankin farko. Zaren roba da zaren ƙyalli ba sa tsukewa. Idan aka jera su tare ba tare da lura ba, ranar da aka wanke zanen sai auduga ta ja jikinta, ɗayan kuma ya rasa inda zai shiga, ya kumbura ya fito waje. Zanen da ya fito daga masaƙa a miƙe sai ya koma a karkace. Silikin kanti kuma ƙarfinsa yana raguwa idan ya jiƙe, saboda haka ba ya jure murza da bugu a kan dutse.

Dalili na biyu shi ne rini. Baba yana kama auduga da tsamiya da silikin kanti. Amma ba ya kama zaren roba yadda ya kamata. Wanda ya saƙa farin zane da roba a ciki, ya kai marina a Ƙofar Mata ko Kura, zai ga layukan roba sun fito fari-fari a cikin shuɗi. Idan da gangan aka yi, ado ne mai kyau. Idan ba a sani ba, sai a yi ta rigima da marini a banza, alhali ba laifinsa ba ne. Haka nan wurin mabuga. Zanen auduga yana yin sheƙi idan an buga shi. Zaren ƙyalli kuwa siririyar leda ce, duka yana karya ta, dutsen guga mai zafi kuma yana narkar da ita.

Sabon zare ya fara shiga ta kwance

A masaƙar maza, duk zaren wadari kunkuru ɗaya ne ke jansa. Idan aka sa zare mai miƙewa tare da wanda ba ya miƙewa, ɗaya zai saki ya yi lako-lako, ɗayan kuma nauyi duka ya koma kansa har ya tsinke. Bugu da ƙari, zaren tsaye yana shan gugar allera da matsefi a kowane taku. Zare mai ƙulle-ƙulle ko mai gashi-gashi yana maƙalewa a haƙoran matsefi. Masaƙin da ya cika wadarinsa da zaren da bai sani ba, zai wuni yana ƙulli maimakon saƙa.

Saboda haka hanya mafi sauƙi ita ce a bar wadari a kan zaren audugar da aka saba da shi, mai ƙarfi, wanda aka yi wa sitaci. Sabon zaren kuma a sa shi cikin ƙoshiya. Zaren kwance ba ya ɗaukar nauyi, ba ya shan guga. In bai yi ba, kwarkwaro ɗaya aka yi asara, ba wadari duka ba.

Akwai wani abu da sabon masaƙi kan manta. A yawancin saƙar ƙwarya, zaren tsaye yana da yawa kuma a matse yake, har ya rufe na kwance. Wato launin da ke cikin ƙoshiya ba ya fitowa sosai. Abin da ke fitowa shi ne kaurinsa. Idan aka jefa siririn zare sau 4, sa'an nan aka jefa abawa mai kauri sau 1, aka ci gaba da haka, zanen zai fito da ƙananan kunyoyi a jere kamar gonar da aka yi wa huɗa. Ana bukatar ƙoshiya biyu, da kuma ƙirga a zuci. Idan aka canza ƙirgar, a ce 8 da 2, kunyoyin za su yi nesa da juna su kuma ƙara tudu. Wannan ita ce dabara mafi araha duka, don ba a sayi komai a kanti ba. Kuma a gaskiya ta fi yawancin adon ƙyalli kyau, ga ta ba ta tsufa.

Wanda yake so launin zaren kwance ya fito fili, sai ya rage yawan zaren tsaye, ya ba su tazara, ya kuma buga matsefi da ƙarfi. Haka ake yi a luru, inda adon launi-launi ke kwance a kan farin bargo.

Wata dabarar ita ce naɗa zare biyu a kwarkwaro guda. A haɗa sili ɗaya na auduga da sili ɗaya na tsamiya, ko fari da shuɗi. Da yake suna juyawa a cikin saƙa, wani lokaci wannan ke sama, wani lokaci wancan, zanen sai ya fito da ɗigo-ɗigo. Ta haka tsamiya kaɗan za ta isa zane babba. Sai dai a naɗa su da ja iri ɗaya. In ɗaya ya fi sako-sako, zai riƙa leƙowa a bakin ƙwarya.

Mata masu saƙar tsaye sun fi samun sarari a wannan fanni. Masaƙarsu tana da faɗi, kuma da hannu suke ratsa zare su danne da akwasha. Mace tana iya ɗaga zaren tsaye 5 ko 6 da yatsa, ta cusa guntun zare mai kauri a wurin kaɗai, ta fitar da hoton allo ko na tsani a kan gwado. Tana kuma iya ɗora siririn tsinke a kan saƙar, ta riƙa zagaya shi da zaren kwance. Idan ta yi layi biyu ko uku na saƙa sosai a bayansa ta zare tsinken, sai ƙananan zobba su tsaya kamar na tawul. Layukan bayan su ke riƙe zobban. In babu su, ja ɗaya zai warware aikin.

Abin da ke kusa da gida

Ba kome sai an je birni ba. Ƙyallayen da tela ke sharewa ya zubar, idan an yanka su siri-siri kamar faɗin yatsa, suna zama zaren kwance na shimfiɗar ƙasa ko ta kujera. A ƙasar Japan da ƙasar Suwidin talakawa sun daɗe suna saƙa tsofaffin tufafi ta wannan hanya. Zaren rama yana da ƙarfi da kaushi, ya dace da jaka da abin goge ƙafa, amma bai dace da abin da zai taɓa fata ba. Siraran kaba da aka rina da karan dafi ana iya ratsa su cikin wadarin auduga a yi abin ɗora kwano ko labule, sai dai ba a naɗe su da ƙarfi don suna karyewa. A garin Bobo Julaso na ƙasar Burkina Faso, wasu mata sun yi suna wajen wanke baƙar leda, su yanka ta, su saƙa ta da zaren auduga su yi jakunkuna.

Audugar rimi kuwa a bar ta wa matashin kai. Silinta gajere ne mai santsi, ba ya riƙe murɗi, ba ya kaɗuwa shi kaɗai.

Gwaji kafin babban aiki

Duk wanda zai gwada sabon haɗi, ya fara saƙa guntu, kamar kamu ɗaya. Kafin nan ya jiƙa kowane zare mai launi, ya matse shi cikin farin ƙyalle. Idan ƙyallen ya ɗauki launi, to zaren yana zuba, kuma zai ɓata farin da ke kusa da shi. Ja da kore na kanti a fi sa musu ido.

Idan an sauke guntun daga masaƙa, a auna tsawonsa da faɗinsa da tef ɗin tela. A wanke shi da sabulu kamar yadda mai saye zai wanke, ba a lallaɓa ba. A shanya a inuwa, a sake aunawa. Alal misali, idan tsawon inci 20 ne ya koma 18, to kashi ɗaya cikin goma ya tafi. Wanda ke son zane mai kamu 10 bayan wanki, sai ya saƙa kamu 11 da ɗan ɗori. Idan ba a yi wannan lissafi ba, ƙwaryar da aka saƙa da haɗi da wadda aka saƙa da auduga zalla ba za su zo daidai ba bayan an ɗinke su, ɗinkin zai tattare.

Yana da kyau a sami ɗan littafi a rubuta: wane zare aka sa a tsaye, wane a kwance, jifa nawa-nawa, awo kafin wanki da bayan wanki, da kuɗin da aka kashe. A liƙa guntun a gefen shafin da allura. Ranar da wani ya zo yana son irin wanda ya gani wurin maƙwabcinsa, ba sai an yi ta lalube ba. Kuma mai saye yana iya duba guntayen ya zaɓa, ya ba da kafin alƙalami, kafin a sayi zare.

Wani lokaci gwaji yana kawo abin da ba a nema ba. Tsukewar nan da ke ɓata zane, idan aka jera layukan daidai, auduga inci ɗaya, zaren da ba ya tsukewa inci ɗaya, tana sa zanen ya yi tattara mai kyau daga sama har ƙasa. Irin wannan yana daɗi a lokacin zafi, don ba ya manne wa jiki.

A duba wanda zai yi amfani da shi

Ba kowane haɗi ne ya dace da kowane aiki ba. Zanen goyo da majanyi su zama auduga zalla. Zaren ƙyalli yana kartar fatar jariri, zaren roba kuma ba ya shan gumi, yana kawo ƙuraje. Mafi muni shi ne wuta. Macen da ke girki a murhu, idan bakin zanenta na roba ya kama, narkewa zai yi ya manne a fata, ƙunar ta yi zurfi. Saboda haka roba da ƙyalli a bar su wa kayan ado, kamar gyale na biki, ko jaka, ko abin rataya a bango. Ko a nan ma kaɗan ya fi. Layi biyu ko uku a bakin gwado sun fi a cika shi duka ya koma kamar takardar alawa.

Wajen sayarwa kuma a faɗa wa mai saye abin da ke ciki. Idan tsamiya ce sili ɗaya cikin biyu, a ce haka. Kasuwar ƙauye ƙarama ce, kowa ya san kowa, kuma uwar amaryar da gwadonta ya zuba a wankin farko ba za ta yi shiru ba. A kuma gaya masa yadda zai wanke: mai tsamiya ko siliki da ruwan sanyi, ba murza, ba bugu a dutse, mai ƙyalli kuma a juya bayansa a ɗora ƙyalle kafin a yi guga, da dutsen da bai yi zafi sosai ba.

A wajen yanke kuɗi, a haɗa kuɗin zare, da na rini, da na ɗinki, da kuma kwanakin da aka yi a gindin masaƙa. Saƙa da ƙoshiya biyu ta fi ta ƙoshiya ɗaya cin lokaci, adon da ake cusawa da yatsa kuwa ya fi duka. Masaƙin da ke da fili a Watari sai ya kwatanta kwanakin nan da abin da zai biya ɗan ƙodago ya yi masa ban ruwa ko cire ciyawa, ya ɗora wannan a kan kuɗin zanen kafin ya fita kasuwa.